Yadda Kawu Na-Iya Ya Juya Soja

Ku matso nan, 'ya'yana. Babba, kife wayar nan a kan tabarma. Ke kuma Auta, bar dariyar tukuna, ba ki ji komai ba. Ban kira ku daga garuruwan da kuke don ku duba ni ba, lafiyata ƙalau. Na kira ku ne a kan boris ɗin injin niƙana, wannan zoben ƙarfe da dutsen injin ke juyawa a kansa. Yanzu haka yana ƙarƙashin ƙafafun sojan dandali, injin kuwa ga shi can a zaure an lulluɓe shi da buhu kamar gawa. Yadda aka yi ya je can aikin kawunku ne, ƙanena, wanda gari ke kira Na-Iya. Ku saurara har ƙarshe, don akwai hukuncin da za ku yanke.

Kun san sojan. Tun kuna goye yake tsaye a tsakiyar dandali, mutum-mutumin ƙarfe a kan dakalin dutse mai kai wa mutum ƙirji. A jikin dakalin aka sassaƙa sunayen mazan garin nan da suka tafi yaƙi ba su dawo ba, har da na mahaifinku. Hannunsa na dama a miƙe yana nuni da yatsa, doguwar kwat ɗinsa ta baje ta baya kamar iska na kaɗa ta. Waɗanda suka kafa shi sun fuskantar da shi hanyar tashar jirgin ƙasa, don ta nan mazan suka tafi. To jirgi ya daina zuwa, tasha ta zama kango, gari ya yi ta girma ta ɗaya ɓangaren. Aka wayi gari soja yana nuna juji da awaki. Ya ba kasuwa baya, ya ba makaranta baya, ya ba ƙofar gidan nan baya.

Babu wanda abin ya hana sukuni sai kawunku. Shi ma fa ya je ɗaukar soja a wancan lokaci, tare da mahaifinku suka shiga layi. Da likita ya fito da allura sai kawunku ya zube, aka ɗauko shi a baro aka dawo da shi gida. Amma in ka ji daga bakinsa, babban hafsa ne ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kai ka tsaya ka tsare gari, irinka ba a kai shi gaba a yi asara." Tun daga nan duk lokacin da ya wuce dakalin sai ya tsaya ya karanta sunayen, ya duba ƙasa inda fili ya rage, ya yi ajiyar zuciya. A duk garin nan shi kaɗai ne mai rai da ke jin haushin rashin sunansa a jikin dutsen matattu.

Wata rana yana zaune a shagon mai aski, rabin kansa da kumfa, ya hango keyar soja ta taga.

"Wannan cin mutunci ne," in ji shi. "Jarumi guda yana gadin juji!"

Mai aski ya ce, "To je ka gaya masa ya juyo mana. Ai ku sojoji kuna jin maganar juna."

"Ni zan juya shi."

"Da baki?"

"Na iya."

"Haka ka ce ranar da ka gyara mini fanka. Har yau in na kunna ta, rufi take yi wa fifita."

"Ai daga sama zafi yake saukowa. Ba ka san kimiyya ba."

Mahauci da tela suna kan benci suna jiran layi. Mahauci ya ce in dai za a juya shi, to kasuwa zai kalla, don nan jama'a take. Tela ya ce a'a, layinsu, don kawunsa biyu suna jikin dutsen. Mai aski ya ce shi ya fi kowa shan keyar soja, shi ya kamata ya ga fuska. Kafin a goge kumfa har an fara ambaton iyaye.

Kawunku ya miƙe da tawul a wuya ya ɗaga hannu.

"Ku natsu. Ƙananan kawuna ke faɗa a kan gefe ɗaya. Zan ɗora shi a kan boris. Wannan mako ya kalli kasuwa, mai zuwa ya kalli layin teloli. Da yatsa ɗaya za a riƙa juya shi. Kowa ya samu."

Suka dubi juna. Abin haushi shi ne, maganar ta yi kama da hankali.

Da rabin aski ya tafi ofishin Ciyaman na majalisar gari, don ya ce basira ba ta jiran reza.

"Ranka ya daɗe, ba na son lada. Sunana kawai za a sa a wurin."

Ciyaman ya dube shi ta saman tabarau. "Malam, sunayen da ke wurin nan na matattu ne. Ka shirya?"

"A ƙasa, ranka ya daɗe. Can ƙasa, a kan siminti. Wanda ya juya soja."

Ciyaman mutum ne mai son hoto, kuma ya gaji da fitowa a hoto da juji a bayansa. Kowace shekara ranar tunawa shi ke hawa tsani ya rataya zoben furanni a hannun soja. Ya ce, "Na yarda. In ranar taro soja ya fuskanci jama'a ya tsaya cak har na rataya furanni, sunanka ya zauna. In ya ba ni kunya, kai da dandalin nan sai hange."

"An gama, ranka ya daɗe."

Saura boris. Duk garin babu mai girman da zai ɗauki soja sai na injin yayarsa, wato ni uwarku. Inji ne irin na da, an daina yin kayansa, wanda ya ƙera shi ma ya daɗe da mutuwa. Kawunku ya zo da yamma ya tsuguna a zaure yana shafa injin kamar mai neman aure.

"Yaya, aron boris."

"Na injin da nake ci da shi?"

"Kwana kaɗan ne, kafin in samo wani."

"Tsanin da ka ara na kwana kaɗan, har jikana ya yi gemu bai dawo ba. Tashi ka ba ni wuri."

Ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, ya tsaya yana kallon dandali. Kawunku wawa ne, amma ya san inda ƙurji yake.

"Yaya, tun da aka kafa sojan nan, kin taɓa ganin fuskarsa daga ƙofarki? Kullum baya. Kamar har yanzu tafiya yake."

Uwarku ta juya. Ta shiga ɗaki ta bar zaure a buɗe. Da ta fito, injin ya zama hanji a ƙasa, kawunku kuma yana can yana gara boris a titi yana fito.

Ranar ɗaga soja gari ya taru. Kawunku ya kafa manyan itatuwa uku ya haɗa kawunansu, ya rataya sarƙar da makanike ke ɗaga injin mota da ita. Ya sa hular kwano ta aro, ya sa usur a baki. Ya kwance ƙusoshin ƙasa, ya ɗaura sarƙa a gwiwoyin soja.

Tela ya ce, "Ba a ƙugu ake ɗaurawa ba?"

"Kai ka san ƙugu, ni na san nauyi. Ku ja!"

Aka ja. Soja ya tashi, ya yi ɗan tunani a sama, sai ya kifa, kai ƙasa ƙafa sama, yatsansa ya soke cikin ƙasa. Mata suka saki salati.

"Da gangan ne!" in ji kawunku. "Sai an duba tafin takalmi tukuna."

Ya hau dakali ya leƙa tafin takalmin, ya ƙwanƙwasa da guduma don jama'a su ga gwaninta. Ashe cikin soja fanko ne, kuma rina sun yi shekaru suna zaune a ciki da iyalansu. Suka fito baƙi ƙirin kamar hayaƙi.

Mutumin da aka bari ya tsare gari shi ya riga kowa barin dandali. Ya tsallake tsofaffi, ya tsallake mai sanda, ya faɗa shagon mai aski ya danna sakata, ya bar mai shagon a waje yana dukan ƙofarsa.

"Buɗe, Na-Iya! Shagona ne!"

"Ina tsara dabarar yaƙi! Ka riƙe su a nan!"

Soja ya wuni a rataye kai ƙasa har aka yi wa rinar hayaƙi. Washegari kawunku ya dawo aiki da ido ɗaya a rufe, leɓe kamar an hura. Ya ce wa duk wanda ya tambaya, "Raunin fagen fama ne."

Amma ku ji abin mamaki, ya ɗora shi. Ya kafa boris a kan dakali, ya ɗora faffaɗan farantin ƙarfe a kai, ya ɗaure ƙafafun soja a kan farantin. Ya sa ɗan yatsa ya tura. Soja ya juyo sumul, babu ko ƙara, ya fuskanci kasuwa. Dandali ya ɗauki tafi. Mahauci ya rungume shi. Kawunku ya zagaya dakalin yana tafiyar agwagwa, hannu a baya, yana gaya wa mutane cewa a manyan ƙasashe ma ba a kai ga wannan ba tukuna. Ƙofar yayarsa kuwa ko tunawa da ita bai yi ba.

Abin da bai saka a lissafi ba shi ne iska. Kwat ɗin nan da ta baje ta baya, ga miƙaƙƙen hannu ta gaba, ga cikin fanko. Ashe kawunku ya ƙera wa gari abin nuna inda iska ta dosa ne, mafi girma da aka taɓa gani.

Da hantsi wata mata tana gaban mahauci tana cewa naman bai cika ba.

"Hajiya, in na rage miki ko tsoka ɗaya, Allah ya tona mini asiri a gaban kasuwar nan!"

Iska ta ɗan kaɗo. Soja, wanda ya kwana yana kallon makaranta, ya juyo a hankali, ya wuce masu kayan miya, ya wuce mai gyaran takalmi, ya tsaya da yatsa tsaf a kan sikelin mahauci. Matar ta dubi yatsa, ta dubi sikeli, ta ɗaga farantin. Sai ga dunƙulen kitse manne a ƙasansa.

Kafin azahar labari ya gama gari: soja yana nuna marasa gaskiya.

Tela ya fi kowa dariya. Kwana bai yi nisa ba wani ya zo karɓar rigarsa, tela ya rantse maɓalli kawai ya rage. Soja ya juyo. Mai riga ya tura hannu ƙarƙashin keken ɗinki ya zaro yadinsa, ko almakashi bai taɓa shi ba. Mai aski bai yi wa kowa laifi ba, amma soja ya wuni yana nuna shagonsa, babu namijin da ya yarda a gan shi zaune a inda yatsan yake. Mata suka fara tsayawa gaban dakali da kwandunansu suna tambaya da ƙarfi, "Soja, ina maigidana ya yi hira jiya?" Maza suka koma bin bayan layi.

Mahauci ya samo doguwar gora, da ya ga yatsa ya doso shi sai ya fito ya tura shi layin teloli. Tela ya samo tasa gorar ya turo shi. Wata safiya suka haɗu, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, soja a tsakiya yana ta kai da komo kamar mai raba faɗa. Da suka gaji sai suka ajiye gorori suka nufi gidan kawunku tare.

"Ka kashe mana kasuwa!" in ji mahauci.

"Ni na manna kitsen?"

"Ka tsayar da shi ko mu tsayar da kai!"

"Ƙaramin aiki. Na iya."

Ya sassaƙa katako ya cusa ƙarƙashin farantin. Soja bai daina juyawa ba, sai dai yanzu yana juyawa da kuka, ƙiiiii, kamar ana yanka akuya da wuƙa mara kaifi. Jarirai suka daina barcin rana. Karnuka suka riƙa amsa masa. Malamin makaranta ya aiko a ce ko dai soja ya yi shiru ko shi ya yi.

Kawunku ya zare katako ya juye galan guda na baƙin mai a cikin boris. Kuka ya tsaya. Amma yanzu ko tsuntsu ya sauka a kafaɗar soja sai ya yi zagaye biyu. Da babbar mota ta wuce, sai da ya nuna kowa a kasuwar ɗaya bayan ɗaya, har da limami.

Sai ya ɗaura igiya a yatsan, ya ja ta ya ɗaure a ginshiƙin rumfar mahauci, don ita ta fi kusa.

"Me ya sa tawa?" in ji mahauci.

"Ba kai ka ce ya kalli kasuwa ba? Ga shi, har abada."

Har abadan ta kai la'asar. Guguwa ta taso, soja ya yunƙura, rumfa ta bi shi da ginshiƙi da kwano da ƙugiyoyin nama. Cinyar bijimi guda ta yi shawagi a kan dandali, karnukan gari suna binta a ƙasa suna addu'a.

Duk wannan lokaci injin uwarku yana kwance. Matan da suka saba kawo niƙa suna wucewa ta ƙofarta da kwanuka a ka, suna gaishe ta da ido a ƙasa, suna tafiya injin bayan kasuwa. Ta tare kawunku a hanya.

"Boris ɗina."

"Bayan taro, Yaya. Ki bari sunana ya hau."

"Ya nuna mahauci, ya nuna tela, ya nuna limami. Ko sau ɗaya bai kalli ƙofata ba."

"Iskarki ce ba ta zo ba."

"In taro ya wuce ban ga ƙarfena ba, za ka ga iskata."

Ranar taro da sassafe kawunku ya kwaɓa siminti ya shimfiɗa a gindin dakali ta gaba, ya lailaye shi sumul. Ya ɗauki ƙusa ya rubuta sunansa da haruffan da suka fi na dukan mamatan girma, ya kewaye da zare don kada a taka. Bai jira sharaɗin Ciyaman ya cika ba, don a ganinsa an riga an gama. Ya sami dabarar da ba ta da makawa: shi da kansa zai riƙe sojan. Kafin mutane su taru ya fuskantar da shi wajen kujeru, ya hau, ya shige ƙarƙashin kwat ɗin ta baya, ya rungume ƙafafun ƙarfe da hannu biyu. Ya kafa ƙafafunsa da kyau.

A kan farantin ya kafa su. Farantin da ke juyawa.

Jama'a suka cika dandali. Iyalan mamata a kujerun gaba, uwarku a cikinsu da mayafinta na fita. 'Yan makaranta a jere. Wani tsohon soja na gaske, mai ƙafa ɗaya, ya busa begila, kowa ya miƙe aka yi shiru. A cikin shirun nan ne hadari ya haɗo daga gabas, ganyaye suka fara motsi.

Ciyaman ya hau tsani da furanni, ya juyo ya yi wa mai hoto murmushi, ya miƙa hannu. Yatsan soja ya matsa gefe kaɗan. Ciyaman ya ƙara miƙewa. Yatsa ya ƙara matsawa. Ya sauko, aka matsar da tsani, ya sake hawa. Yana kaiwa sama, hannu ya koma inda ya baro.

Daga ƙarƙashin kwat aka ji murya ƙasa-ƙasa: "Na riƙe shi, ranka ya daɗe. Rataya!"

Mutanen baya ba su san da kowa a wurin ba. Wata tsohuwa ta ce, "Innalillahi, ya fara magana!"

Aka sake matsar da tsani. Ciyaman ya hau da gumi, ya ɗaga furanni da hannu biyu kamar mai kamun kaza. Sai iskar ta sauko gaba ɗaya. Soja ya tafi hagu da gudu, ya zagayo ta baya, yatsansa ya tsince hular Ciyaman daga kansa ya wuce da ita. Da bayan soja ya iso gaban jama'a, sai ga kawunku a manne, ido waje, riga tana tashi.

"Komai na tafiya daidai, ranka ya daɗe!"

Ya wuce. Fuskar soja ta zo da hula a yatsa. Ta wuce. Kawunku ya sake zuwa.

"Gwaji ne!"

Mai aski ya haɗa hannu a baki. "Na-Iya! A kan me ka tsaya?"

Sai da ya zagayo ya amsa. "A kan faranti!"

"To wa ya riƙe farantin?"

Ya zagayo ya wuce. Ya sake zagayowa. "Ku riƙe shi!"

"Wa? Kai ko sojan?"

Mahauci ya ruga da gorarsa, soja ya buge ta ta tashi sama. Tela ya kama gefen rigar kawunku, ya rage da hannun riga, ya duba ɗinkin ya ce ba nasa ba ne. Ciyaman ya maƙale a kan tsani da furanni a wuya, yana sunkuyawa duk lokacin da hannu ya zo wucewa. 'Yan makaranta suka fara ƙirga zagaye da ƙarfi, malaminsu yana hana su yana dariya. Tsohon soja kuwa ya ga abin ya wuce shiru, sai ya ɗaga begila ya busa ta kai hari.

A nan hannun kawunku ya saki. Ya taso sama kamar an jefa buhu, ya tsallake zaren da ya kewaye da hannunsa, ya sauka da mazaunai, caɓal, a tsakiyar ɗanyen siminti. Daidai kan sunansa.

Ya zauna a wurin, kai na juyawa, ya ɗaga hannu ya sara wa inda yake zaton Ciyaman yake, alhali mai gyaran takalmi ne. Aka kama shi ta hammata aka ja. Siminti ya riga ya fara kamawa, ya sake shi da ƙara kamar an zare ƙafa daga laka. Suna ya tafi, ko harafi bai rage ba. A madadinsa ga rami biyu, zagaye, sumul, kowa ya gane na waye.

Mai aski ya leƙa ya ce, "To, ai ka sa hannu."

Dandali ya fashe. Har matan kujerun gaba, waɗanda suka zo da hawayensu a shirye, suka kife a kan juna. Matar da ta rasa 'ya'ya biyu a yaƙin nan ta yi dariya har sai da aka ba ta ruwa.

Sai iska ta faɗi, yayyafi ya fara. Soja ya rage gudu. Yatsa ya doso mahauci, mahauci ya nutse bayan kujera. Ya doso tela, tela ya ɓuya bayan matarsa. Ya wuce shagon aski, ya wuce makaranta, ya yi kamar zai koma juji, ya ɗan dawo, ya tsaya cak. Kowa ya bi yatsan da ido. Ƙofar gidan nan yake nunawa.

Wata ta ce, "Gwaggo, me kika yi?"

Uwarku ta ja mayafinta. Ta miƙe ta ratsa jama'a ta taho gida, ta tsaya a bakin ƙofarta, ta juyo. Ga shi nan yana kallonta, da hular Ciyaman a yatsa. Ba ya kama da mahaifinku ko kaɗan. Hancin ya yi tsawo, kunnen ya yi ƙanƙanta, mahaifinku kuma bai taɓa tsayawa a miƙe haka ba. Amma mutum ne mai kaki da ya juyo yana fuskantar gida. Ta tsaya a wurin har mayafin ya jiƙe.

To kun ji yadda aka yi. Ciyaman ya sa an ɗaure sojan da sarƙa a inda ya tsaya, ya kuma aiko mini da magana, tun da ƙarfen nawa ne, ƙofar ma tawa ce. Ko dai a ɗaga shi a ba ni boris ɗina a mayar da shi kan tsofaffin ƙusoshinsa, waɗanda juji kawai suka sani. Ko kuwa mai walda ya liƙe shi yadda yake, boris ya zauna a ƙarƙashinsa har tashin duniya, injina ya ci gaba da kwanciya a cikin buhu. Mahauci da tela sun zo sun durƙusa suna roƙo a liƙe, su dai kada ya sake motsi. Kawunku an hana shi dandali, amma kullum yana tsaye a bakin iyaka yana nuna wa baƙi ramukan nan biyu daga nesa, yana cewa sauran suna kawai suka bari, shi kuwa da jikinsa ya sa. Jiya ma ya zo ya tsuguna a zauren nan ya ce kada a wahalar da mai walda, shi ya iya. Taɓaryar da na bi shi da ita tana nan a bayan ƙofa.

Ni dai da injin nan na ciyar da ku, na yi muku makaranta, ba kuma zan zauna ina kallon niƙan unguwa yana wuce ƙofata ba. Amma na sha kallon keyar mutumin nan tun Auta tana goye, kuma na ƙoshi. Sunan ubanku ne a jikin dutsen, ku ma kuna da baki. In a cikinku akwai wanda ya san inda ake sayar da sabon inji, ban roƙe shi ba, ban kuma toshe kunnena ba. Babba, kai ne babba, fara. Mai walda yana jiran amsa, ku yanke mini ita kafin kawunku ya samo aron injin walda.